Bindigar Da Muka Raba

Wani dare na ji wata ƙara a bayan bangon ɗakina: ƙir, ƙir, ƙir, sai ta tsaya kamar mai yin ta yana sauraron ko an ji shi, sai ta ci gaba. Na kwanta ina auna ta. Ba ɓera ba ne, don ɓera ba shi da wannan haƙurin. Ba gyare ba ne kuma. Na taɓa jin wani kafinta ya ce katakon rufi yana kuka idan ya tuna bishiyar da aka saro shi, sai na ce ko shi ne, har na ɗan ji tausayinsa. Na zunguri tsohuwa, matata.

"Kin ji?"

"Na ji kana hana ni barci," ta ce, ta ja bargo.

Bangon nan shi ya raba ɗakinmu da na ɗanmu, direban tasi, wanda kowa ke kira Dogo, shi da matarsa mai tsohon ciki. Da safe na fito in watsa wa tattabaruna hatsi, sai na ga wani gari mai ƙyalli a dokin ƙofarsa. Ni kuwa ba na wuce abu mai ƙyalli. Na dangwala da yatsa, na kai hanci. Garin ƙarfe ne, irin wanda magagari ke zubarwa. Na ɗaga kai na dubi igiyar shanya, na ga da gora aka tokare ta. Ni kuwa na san abin da ke tokare da igiyar nan a da.

Dole in koma baya kaɗan.

Gidanmu na haya ne, ɗakuna zagaye da tsakar gida, famfo ɗaya, ƙofar fita ɗaya. Bara wani tsohon mai gadi da ke ɗakin ƙarshe ya rasu, ba shi da kowa, sai mu maƙwabta muka shiga kwashe kayansa. A ƙarƙashin katifa muka tarar da bindiga mai baki ɗaya, an naɗe ta cikin tsohuwar rigar ruwa, ga harsasai a cikin safa. Muka fito da ita tsakar gida muka kewaye ta kamar an haifi ɗan akuya mai kai biyu.

Tela ya fara magana, dama shi ba ya jira. "Alhamdu lillahi. Allah ya kawo mana mai gadin da ba ya ci, ba ya gyangyaɗi."

Nas, wadda ke aiki a ɗakin tiyata, ta ce, "Kai yadi kake ɗinkewa, Tela. Ni nake ɗinke abin da irin wannan ke ɓarkewa. A kai ta wurin 'yan sanda."

"To madalla," in ji Mai Wanki, yana matse wani wando. "Wa zai kai? Kafin ka buɗe baki ka ce tsintuwa ce, sun riga sun ga bakinta. Kin manta mai burodi?"

Ba wanda ya manta. Mai burodin layinmu ya fito da asuba da dogon ƙarfen tonon tanda a kafaɗa, 'yan sintiri suka hango shi daga nesa, suka yi zaton abin da ba shi ba. Har yau yana jan ƙafa. Aka ce a jefa ta kogi, aka tuna yara na nutso a wurin. Aka ce a binne, aka tuna mai gida na shirin haƙa sabuwar masai. Rana ta karkata ba a tsai da magana ba.

Ni ina gefe ina tunanin wani agogon bango da na taɓa kwancewa don in ga inda lokaci ke ɓuya a cikinsa. Ban same shi ba. Amma na lura da abu guda: in ka baje ƙarafan a kan tabarma, babu guda ɗaya da ke iya faɗa maka ƙarfe nawa. Sai na ce, "Me zai hana mu raba ta? Kowa ya riƙe guntu. Babu mai bindiga a gidan nan, kuma gidan bai rasa bindiga ba. Ranar da tsiya ta zo, sai mu huɗu mun yarda za a haɗa."

Aka yi dariya, daga baya aka daina, aka ga abin ya yi wa kowa. Dogo ya ɗauko kayan gyaran motarsa ya kwance ta yana tsokanata. "Baba, in ɓarayi sun shigo sai ka ce su ɗan jira, Nas tana aikin dare." Tela ya ɗauki gindin katakon, ya mai da shi abin danne ƙofar shagonsa. Mai Wanki ya ɗauki bututun ya tokare igiyar shanya, har tsatsa ta hau shi, baƙo ya gani ya ɗauka guntun famfo ne. Nas ta zuba harsasan a gwangwanin madara ta ɗora kan kabad. Ni kuma aka ba ni kunama, wadda ake ja a harba, da ɗan sifirin ɗinta, na saka a akwatin da nake ajiye tarkacena, tare da idon 'yar tsana, da makullin da bai da kwaɗo, da dutsen nan mai huda a tsakiya.

Muka zauna lafiya, har ranar da 'yan fashi suka tare Dogo a hanya, yana dawowa da matarsa daga awon ciki. Suka kwantar da shi rubda ciki a kan kwalta. Ɗaya ya ɗora bakin bindiga a kan cikin matar yana cire mata ɗan kunne, yana ce wa Dogo, "Motsa ka gani." Bai motsa ba. 'Yan sanda suka iso bayan ƙura ta lafa. An tsinci motar daga baya a bakin wata kwata, amma yaron da ya dawo mana gida ba shi ne ya fita ba. Ya daina tsokana. Ya daina kallon matarsa a ido. Takan ce wa uwarsa a zaune yake kwana, ya jingina bayansa da ƙofa.

To, safiyar nan da na ga gora, sai na nufi Mai Wanki yana tsugune gaban baho.

"Ina bututun?"

Bai ɗago ba. "Dogo ya karɓa. Ya ce zai goge tsatsa. Na ce to mene ne, bututu ai bututu ne. Kunama na wajenka, Baba."

Na leƙa shagon Tela da ke bakin ƙofa, na ga da bulo ya danne ƙofar. Ya zare allura daga bakinsa ya ce, "Yaro ya roƙe ni har da rantsuwa. Katako ne fa, Baba. Katako ya taɓa kashe mutum? Ai kunama na wajenka."

Na ce Nas dai ba za ta bayar ba, ita da ta fi kowa ƙin abin. Na tarar tana guga farar rigarta. Ta ajiye dutsen gugar, ta kau da kai.

"Autata ta fara hawa kujera tana laluben kan kabad. Ban iya barci da su a ɗaki ba. Da ya tambaya sai na ji kamar an sauke mini dutse." Ta sake ɗaukar dutsen gugar. "Ba tare da kunama ba ai tsakuwa ne. Tana wajenka ko?"

Ashe kowa ya sake ƙofarsa don ya dogara tawa a kulle take.

Na koma ɗaki na buɗe akwatina. Tana nan kusa da idon 'yar tsana, idon na kallona. Na gaya wa tsohuwa komai, da ƙarar jiya, da garin ƙarfen. Ta zauna bakin gado ta dafa ƙirji.

"Wato ƙera tasa yake yi?"

"Haka nake gani."

"Kai da dabarunka! Mutane na neman mafita kai kana ba su labarin agogo." Ta share ido da bakin zane. "Ka ba shi ta gaskiyar."

"In ba shi?"

"Ka san ɗanka. Zai riƙe ta ko ka so ko ka ƙi. Gara ya riƙe mai lafiya da ya riƙe gurguwar da za ta tashi a hannunsa, ko ta tashi ita kaɗai cikin dare, yarinyar nan na kwance."

"In kuma ya fita da ita? In ya hangi wani mai kama da wancan? In 'yan sintiri suka hango shi?"

Na saka kunamar a aljihu. Yinin ranar hannuna na kanta. Tattabaru suka yi ta sauka a kafaɗata ban kula su ba, wata farar mace har ta ciji kunnena don haushi.

Da yamma Dogo ya dawo, na ce masa ina son a zauna, kuma ya fito da abin da ya tara. Bai yi musu ba. Ya fito da bindigar a haɗe, ya zauna kan benci ya ɗora ta a cinya. A gurbin kunama ya saka wani guntun ƙarfe, na gane sakatar ƙofar mota ce ya goge ta, ya ɗaure da waya. Tela ya fito da tef ɗin awo a wuya, Mai Wanki ya bar bahonsa, Nas ta kora 'ya'yanta gidan maƙwabta ta tsaya a ƙofar ɗakinta. Matar Dogo tana bakin famfo tana ɗauraye kofuna, ta ƙi kallon wajenmu.

"Akwai harsashi a ciki?" Nas ta tambaya.

"Me za a yi da wadda babu?"

"Dogo," na ce, "alkawari muka yi. Sai mu huɗu mun yarda."

"Uku sun bayar, Baba."

"Bayarwa daban, yarda daban."

Ya dube ni, idonsa ja kamar garwashi. "Ka taɓa kwanciya kana jin ƙamshin kwalta, kana jin matarka tana roƙon ƙato? Ta kira sunana, Baba. Na ji, na ƙara manna fuskata a ƙasa."

"Shi ya sa kuke raye," in ji Nas. "Da akwai bindiga a motar, da ku biyun a kan teburina za a kawo ku. Ko ma a wuce da ku ɗakin baya, inda ake ajiye gawa."

"Ko kuma su a kawo miki su," Tela ya ce. "Kullum mu ne gawa, Nas? Ɓarawo na da ita, ɗan sanda na da ita, mu sai addu'a da almakashi?"

"Kai da ko kaza ba ka iya yankawa, sai ka kira Mai Wanki," in ji Nas.

"Ku bar ni daga ciki," Mai Wanki ya ce. "Ni dai na san jini ba ya fita daga farin yadi."

Dogo ya miƙo mini hannu. "Ba ni, Baba. Wannan da na yi ban yarda da ita ba. Ba zan fita da ita ba, a bayan ƙofa za ta zauna. Ina so in yi barci ne kawai."

Muryarsa a lokacin irin wadda yake roƙona da ita ce yana ƙarami, in na hana shi taɓa ƙwan tattabara. Yatsuna suka kama kunamar a cikin aljihu. Na fara zaro ta.

Sai aka yi sallama a ƙofar gida.

Mai Wanki ya fi kowa saurin hankali. Ya fizgi wani zanen gado daga kan igiya ya yafa wa Dogo a cinya, har ya rufe hannayensa. Wani kurtun ɗan sanda ya shigo, yaro ne siriri, ƙurajen samartaka ba su gama barin fuskarsa ba, ga bindiga rataye a gaba, hannunsa na kanta.

"Tela! Shago a buɗe, mai shago ya gudu. Ina wandona?"

"Ofisa da kansa!" Tela ya ce, muryarsa ta haura sama kamar ta mace. "Ai wandonka sai gobe, Ofisa, ƙugun ne bai zauna ba. Mu je shago."

"Auna ni a nan, akwai iska. Shagonka kamar tanda." Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Sannunku. Taro ake? Baba, ina wuni." Ya dubi Dogo. "Kai kuma lafiya, da zane da zafin nan?"

"Zazzaɓi," in ji Nas. "Ni nake duba shi."

"Allah ya sawwaƙe. Mu ma ba lafiya ba. An harbi abokin aikina shekaranjiya, muna tsaye kamar ni da kai. Tun ranar ban runtsa ba. Ko leda ta motsa sai in ji kamar ni ake nufi."

Tela ya durƙusa ya zagaya masa tef a ƙugu. Na dubi yatsan kurtun, yana kwance daf da kunamar tasa, yana shafa ta kamar yadda nake shafa wuyan tsuntsu. Na dubi zanen gadon. Mai furanni ne, ja da kore, ban san na wa ba ne a cikin masu kawo wanki. Wani fure guda yana hawa yana sauka, na gane ƙarƙashinsa hannun ɗana yake.

"Tela, cakulkuli kake mini ko awo?" kurtun ya ce yana dariya.

A daidai lokacin kyanwar maƙwabta ta diro kan rufin akurkin tattabaru. Wanda bai taɓa kiwon su ba bai san ƙarar da suke yi in suka tashi gaba ɗaya a firgice ba. Fa-fa-fa-fa, kamar ana tafi da faranti, ga kwanon rufin ya amsa.

Kurtun ya juya. Gwiwarsa ta ture Tela ya faɗi zaune. Na ji ƙarfe ya ce ƙwas. Bakin bindigar ya share tsakar gidan, ya wuce ni, ya wuce Mai Wanki, ya tsaya a bakin famfo, inda matar Dogo ta miƙe da kofi a hannu, cikinta a gaba.

Famfon na zuba a bokiti. Wani gashin tsuntsu yana saukowa a hankali, yana juyi, na bi shi da ido don ban iya kallon komai ba sai shi. Ya sauka a kan takalmin kurtun.

"Tsuntsaye ne, ɗana," na ce. Ban san daga ina muryar ta fito ba. "Nawa ne. Kyanwa suka gani."

Ya sauke bakin bindigar a hankali. Ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. "Yi haƙuri, Yaya," ya ce wa matar Dogo. "Wallahi yi haƙuri. Allah ya sauke ki lafiya." Ya share goshi da hannun riga. "Tela, gobe na dawo." Ya fita da sauri, tef ɗin Tela na lilo a bel ɗinsa, ba wanda ya kira shi ya karɓa.

Kofin ya suɓuce daga hannun yarinyar ya fashe. Tsohuwa ta fito da gudu ta rungume ta, ita da Nas suka zaunar da ita a kan kujera 'yar tsugune.

"Kun gani ko?" Tela ya ce daga ƙasa. "Kun ga abin da nake faɗa?"

"Abin da nake faɗa dai," in ji Nas.

Na juya wajen Dogo. Na matsa na ɗage zanen. Yatsansa na cikin gurbin, ya yanke, jini na ɗiga kan wandonsa. Sakatar da ya kwana yana gogewa ta lanƙwashe ta koma baya, wayar ta tsinke. Bakin bindigar yana kallon daidai inda kurtun ya tsaya, inda kan Tela yake lokacin da ya durƙusa.

"Na ja," ya ce.

Tela ya bi bakin bindigar da ido har zuwa inda yake zaune. Ya ja jiki gefe da mazaunai.

"Na ja, Baba. Da dukkan ƙarfina."

Hannuna na cikin aljihu har lokacin, kunamar ta shiga tafina ta yi shaida. Dogo ya dubi aljihun. Ya daɗe yana dubansa. Na yi ta neman abin da ke fuskarsa, ko godiya ce, ko tuhuma, ban iya karantawa ba. Da na ba shi, da yanzu akwai gawar ɗan mutane a tsakar gidanmu, wataƙila biyu, da motar sintiri a ƙofa. Da kuma yaron can ya danna tasa, da ɗana ya sake zama yana kallo, kuma ni na ɗaure masa hannu. Na san shi ma lissafin da yake yi ke nan, ban dai san a wane gefe ya tsaya ba.

Ya zare yatsansa. Ya ɗaga bindigar da hannu biyu kamar mai ɗauke da tukunyar da ta tafasa, ya sunkuya ya kwantar da ita a kan siminti, bakinta na kallon bango. Ya je wurin matarsa ya tsuguna a gabanta. Ya dube ta a ido, ita ma ta dube shi. Ya kama hannunta ya tashe ta, suka shiga ɗaki, jininsa ya ɓata mata hannun riga. Muka ji ya ja sakata.

Muka rage mu da bindigar. Rana ta faɗa bayan katanga. Tattabarun suka ƙi saukowa, suka jeru a kan wayar lantarki suna leƙen mu.

Na ce, "To, sai a kwance ta. Kowa ya ɗauki nasa kamar da."

"Wa ya iya kwancewa?" Nas ta ce. "Da harsashi a ciki, an riga an ja? Ni kam harsashi ba zai sake kwana inda 'ya'yana suke ba."

Tela ya tashi yana kakkaɓe wando. "Bulo ya ishe ni danne ƙofa," ya ce a hankali, bai dubi kowa ba.

Tsohuwa ta kalle ni, na gane in na kuskura na ce a kai ɗakinmu, ni da bindigar za mu kwana a waje. Daga bakin titi muka ji motar sintiri ta wuce, ta rage gudu, ta ci gaba. 'Ya'yan Nas suka fara buga ƙofar gida suna kiran uwarsu, yunwa suke ji.

Mai Wanki ya ɗauki zanen gadon ya duba ɗigon jinin da ke jiki, ya ninke shi ya rungume. Ya dube ni, ya dubi Nas, ya dubi ƙofar Dogo da ke rufe.

"To yanzu," ya ce, "a ɗakin wa za ta kwana?"